Jigon da wani ya ba ka

Ɗana, tambaya biyu ka haɗa wuri guda. Ka ce kakan yi kwanaki kana rubutu ba fashi, sai hannu ya mutu har wata ya shuɗe. Ka kuma ce a zaman marubutan da kuke yi ran Asabar ana ba kowa jigo, kai kuwa kana jin nauyin rubutu a kan abin da wani ya zaɓa maka, wai kamar aikin ba naka ba ne. To, abin da kake gudu shi ne maganin ciwon da ka kawo.

Wa ya gaya maka magabata jira suke yi sai basira ta sauko? A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya bi garuruwa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai don gasa. Daga nan aka sami littattafai biyar da har gobe ake karantawa a makarantu. Abubakar Imam yana cikin waɗanda suka shiga, yana saurayi ɗan shekara 22 yana koyarwa a Katsina. Wani ne ya ce masa rubuta, wani ne ya sa wa'adi, amma har yau da sunansa aka san labarin. Haka gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta fito da mata da yawa waɗanda da sun bar labaransu a ka.

Sha'irai ma sun riga mu. Ka san tahamisi? Ka ɗauki baitin wani mai ɗango biyu, wato layi biyu, ka ɗora naka ɗango uku kafin nasa ya zama ƙwar biyar. Dole naka su bi karin waƙarsa, su ɗauki amsa-amon ɗangonsa na farko, kuma ma'ana ta gangara ta shiga maganarsa ba a ga ɗinki ba. Babu takura da ta fi wannan, amma a nan ake gane gwani. Wanda aka ce masa rubuta duk abin da ka ga dama, shi ne yakan kwana yana kallon farar takarda.

Sai dai jigo iri-iri ne. In aka ce muku "haƙuri" ko "zaman lafiya", kusan dukanku wa'azi za ku kawo, mu kuwa a Jos mun sha wa'azin zaman lafiya har ya ishe mu. Kai ne za ka matse shi. Tashi da asuba cikin sanyin nan ka je kasuwar Farin Gada lokacin da ake sauke kabeji da tumatir. Tsaya kusa da dillali ka ji yadda yake karya farashin kwando, manomin da ya yi dakon wata uku yana tsaye hannu cikin aljihu, bai ce uffan ba sai ƙafarsa da yake ta gogawa a ƙasa. Ga haƙuri nan, kuma ba sai ka ambaci kalmar ko sau ɗaya ba. Mutum goma za su karɓi jigo ɗaya, amma kai kaɗai ka ga wannan ƙafar.

Batun mutuwar hannu, kana cika wa kanka kaya ne. Shafi goma yau, goma gobe, jibi ka gaji. Yanka kaɗan: rabin shafi bayan sallar asuba, kafin ka taɓa waya. Ka tsaya a inda ka san abin da zai biyo baya, don gobe ka tarar da bakin zaren. Ranar da ka fasa kada ka ce za ka rama, ci gaba kawai.

Zaman naku kuma ina da magana a kansa. In kowa ya karanta aka ce "Masha Allah, Allah ya ƙara basira" aka watse, hira kuka yi. Ku sa doka: kowa ya zo da kwafi a takarda, wani ne zai karanta aikinka da ƙarfi kai kana zaune shiru. Inda mai karatu ya yi tuntuɓe, nan jimlar ta karye, ka sa mata alama. Bayan nan kowa ya faɗi wuri ɗaya da ya kama shi da wuri ɗaya da hankalinsa ya tafi, ban da kare kai. Kada ku wuce mutum bakwai ko takwas, in ba haka ba masu baki za su cinye lokacin. Ba da jigo kuma ya riƙa zagayawa, don in mutum ɗaya ke bayarwa kullum, nan da shekara duk muryarsa za ku ɗauka.

Na wannan makon me aka ba ku? Ko mene ne, rubuta shafi biyu ka kawo mini shago ran Alhamis bayan la'asar, kafin ka kai musu. Da hannu nake so, don in ga wuraren da ka soke.