Ganye ya cika katanga, fure babu

Ka ce bugambiliyar da ka dasa a gidan Hajiya ta rufe katanga da ganye kore shar, amma ko fure ɗaya ta ƙi yi, alhali ta bakin titi da ba mai kallonta ta yi jawur. To yaro, shagwaɓa ta ka yi.

Ai na san halinka: safe ruwa, yamma ruwa, ga takin zamani na yuriya da ka barbaɗa mata. Wannan shukar asalinta daga Kudancin Amurka ne, wajen Brazil, kuma ba ta sakin fure sosai sai ta ɗanɗana ƙishi. Shi ya sa take tashe da rani, damina kuwa sai ganye. Yuriya ma ganye take ƙara mata, ka ɗauke. Kafin ka yi ban ruwa, tura yatsanka cikin ƙasa. In ka ji danshi, wuce abinka. Sai ƙasar ta bushe, ganyen ya ɗan langaɓe, sannan ka ba ta ta ƙoshi sau ɗaya. Busasshen kashin awaki da 'yar tokar murhu sun ishe ta.

Ka kuma duba darbejiyar da ke jikin katangar. Shukar nan tana son rana ta dake ta kamar awa 6 a wuni, don haka reshen da ya yi mata inuwa sai an sare shi.

Sai ɗauri. Ba ta nannaɗe sanda da kanta kamar soso, da ƙaya take maƙalewa. Dogayen rassan nan da suka miƙe sama, ka kwantar da su a kaikaice, ka ɗaure da tsumma, ban da waya, don waya tana yanka ɓawo. Ka datse kawunansu. Sabon tohon da zai fito ta gefe, shi ke ɗauke da fure. Kai, abin nan ja mai kama da takarda ma ba shi ne furen ba, wani irin ganye ne. Leƙa tsakiyarsa za ka ga ɗan farin furen, ƙanƙani.

Gobe ka tafi da almakashi da safar hannu, ƙayarta ba ta da mutunci. Ka kuma roƙi direban gidan ya daina wanke mota a gindinta, in ba haka ba duk ruwan da ka hana ta, shi zai ba ta.