Tambayoyinku: Injin busar da kaya na gas ya fara zana baƙin layi a tufafi

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Muna da injin busar da kaya mai aiki da gas, ƙirar Amurka, na hannu muka saya. Da damina a nan shi ne rufin asirinmu, don shanya kan kwana biyu ba ta bushe ba. Yanzu fararen kaya na fitowa da layi mai ruwan ƙasa-ƙasa, ya yaga mini bakin mayafi, kuma abin da yake busarwa cikin minti 45 sai ya haura awa ɗaya da rabi. Mai gyara ya ce a sauya kan wutar, wato inda gas ke ci, gaba ɗaya. Haka ne? (Wata uwar gida, Ngaundere)

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki saki kuɗinki tukuna. Alamu ukun nan idan suka haɗu, ba kan wuta suke nunawa ba, zoben ƙyallen bakin ganga suke nunawa.

Gangar da ake zuba kaya tana juyawa ne tsakanin bango biyu da ba sa motsi, na gaba da na baya. A kowace mahaɗa akwai zoben ƙyalle mai kauri irin na ulu wanda ke toshe ratar. Fankar injin ba hura iska take yi cikin ganga ba, zuƙowa take: iska ta bi ta kan harshen wuta, ta ratsa kaya, ta wuce matata (ragar da ke tare ɓurɓushin zare), ta fita ta bututu. Idan ƙyallen ya cinye, sai fanka ta riƙa jan iskar ɗaki mai sanyi ta ratar, kamar mai zuƙar ruwa da karan da ya tsage. Iskar da ke bi ta kan wuta ta ragu, zafi ya taru wuri ɗaya, na'urar kariya ta kashe wutar tun aiki bai yi nisa ba. Shi ya sa mai gyara ya ga wuta na kamawa tana mutuwa ya zargi kan wutar. Layin da kike gani kuwa, bakin tufa ne ke shiga ratar ya gogu tsakanin ƙarfe da ƙarfe.

Gwajin ba shi da wuya. A cire filogi, a buɗe ƙofa, a haska tocila a zagayen bayan ganga ana juya ta da hannu. In aka ga ƙyalle ya yi baƙi ya lafe, ko ya tsinke yana reto, ko akwai wurin da ɗan yatsa ke shiga, magana ta ƙare. A kuma ɗaga bakin gangar sama daga ciki. Idan tana wasa sosai, to tayoyin da ke ɗauke da ita ko 'yan robobin da bakinta ke zamewa a kai su ma sun ci, kuma galibi su ne suka kashe ƙyallen.

Abin da za a tanada: sabon ƙyalle daidai da lambar injin (tana kan ɗan allo a bakin ƙofa daga ciki), gam mai jure zafi wanda sau da yawa tare ake sayar da su, sukudireba, sifana mai lamba 8, wuƙar kankare fenti, samfefa, da maƙalan shanya kamar 15 zuwa 20.

Kafin a taɓa ko kusa ɗaya, a cire filogi, a rufe gas daga kan tukunya. A injinan Amurka masu matata a sama, irin na Whirlpool da Kenmore, ana zare matatar, a kwance kusoshi biyu da ke bakin raminta, a cusa wuƙar fenti ƙarƙashin murfin sama kusa da kowace kusurwar gaba don sakin maƙalai biyu, murfin ya ɗagu. A cire wayar makunnin ƙofa, a kwance kusoshi biyu na bangon gaba daga ciki, a ɗaga shi a ajiye gefe. Wasu injinan ta baya ake fara kwance murfinsu, don haka in ya ƙi ɗaguwa kada a sa ƙarfi. Nan a tsaya a ɗauki hoto da waya: yadda bel ya zagaya ƙaramar taya mai sifirin da kan mota, wato injin lantarkin da ke juya ganga. Mutane da yawa a nan suke maƙalewa wajen mayarwa. A tura tayar don bel ya saki, a zare shi daga mota, a kama bel ɗin a ɗago gangar a fito da ita.

Da ganga ta fita, kan wuta zai bayyana a ƙasa. A jikinsa akwai ɗan sanda mai launin toka wanda ke yin ja ya kunna gas. Abu ne mai saurin karyewa, ɗan bugu kaɗan ya ishe shi, kada tsintsiya ko hannu su kai gare shi. Sauran cikin injin kuwa a share shi tas, domin ɓurɓushin zaren da ya taru kusa da wuta shi ne asalin gobarar irin waɗannan injina.

Yanzu ƙyallen. Kafin a ɓare tsohon, a duba da kyau wane gefe ne ke manne da ƙarfe, wane ne ya leƙo waje, ɗinkin yana fuskantar ina, a ɗauki hoto. Sabon da aka sa a juye zai iya naɗewa. A ɓare, a kankare tsohon gam, a bi da samfefa har ƙarfe ya yi sumul, a goge da busasshen tsumma. Kada a wanke da fetur ko kananzir. Wuri ne da harshen wuta ke kusa, kuma maiƙonsu na hana gam kamawa.

A fara ɗora sabon ba gam. Zai yi kamar ya yi kaɗan, haka aka yi shi, sai an ɗan ja. A kafa shi da maƙali a wurare huɗu masu fuskantar juna, sannan a rarraba jan daidai a zagaye, don kada wani gefe ya yi sako-sako wani ya yi tsauri. Idan ya zauna, a riƙa ɗaga gefensa kaɗan-kaɗan, kamar tsawon tafin hannu, ana zuba siririn layin gam a kan ƙarfe, a danna, a sa maƙali. Siriri muka ce. Gam mai yawa yana ratsa ƙyallen ya bushe ya yi tauri, sai ya koma yana kankarar bango yana ƙara, wani lokaci ma ya shafi kaya. A bi lokacin da aka rubuta a jikin gam ɗin. Mu dai shawararmu a bar shi ya kwana, da daminar Ngaundere ma ya cika awa 24. Wannan duk na baya ne. Na gaba a wasu injinan ba ya son gam sam, maƙalai ne ke riƙe shi a bango, sai a bi yadda aka tarar da tsohon.

Tunda ganga na waje, a juya tayoyin baya da yatsa. Wadda ta cije, ko ta lafe a gefe ɗaya, ko take karkarwa a kan sandarta, a sauya, kuma biyun tare. Bel mai tsattsagewa shi ma ya tafi. Sabon ƙyalle a kan matattun tayoyi asarar kuɗi ne.

Wajen mayarwa, gefen bel mai layi-layi shi ke kwanciya a jikin ganga. A zaunar da ganga kan tayoyi, a mayar da bel yadda hoto ya nuna, a juya ta da hannu zagaye biyu ko uku ana kallon baya. Duk inda ƙyallen ya lanƙwashe ciki, a fito da shi da bakin wuƙar fenti a hankali. A rufe, a buɗe gas, a shafa ruwan sabulu a duk mahaɗar da aka motsa; kumfa mai tasowa yoyo ne, a rufe a ɗaure. Ba a gwada yoyo da ashana. Daga nan a zuba tsofaffin tsummoki masu danshi ya yi minti 20 kafin a amince masa da kayan kirki. Ɗan wari da ɗan nauyin juyi a farko ba komai ba ne.

TAMBAYA: Ina da shagon wanki da guga. Na zagaya kasuwa ban samu ƙyallen ba. In yanka tsohon bargo ko robar tayar babur in manna da gam ɗin takalmi? (Mai wanki, Marwa)

AMSA: Malam, a'a. Iskar cikin ganga kan kai digiri 60 zuwa 70, kusa da inda zafi ke shigowa ta baya kuma ta fi haka. Roba za ta yi laushi ta riƙe bango, mota ta wahala, kaya su yi baƙi. Bargon zamani yawancinsa zaren roba ne, narkewa yake. Gam ɗin takalmi yana saki da zafi, tururinsa kuma na kama wuta. Tura hoton allon lamba ga masu kayan gyara a Duwala, Yawunde ko Kano. Ƙyallen ba shi da nauyi, motar haya ma ta kawo shi. In aiki ba zai jira ba, abin da za mu iya lamunta na ɗan lokaci shi ne ƙyallen ulu na gaske wanda aka danne, a yanka daidai faɗi da kaurin tsohon, a ɗinke bakinsa ya zama zobe, a manna da gam mai jure zafi. Gane ulu: ƙona ɗan zare, zai yi warin gashi ya zama toka mai murmushewa, na roba dunƙulewa yake ya yi tauri. Kuma da hunturu ƙurar Marwa na cin ƙyalle kamar samfefa, don haka a rufe injin idan ba ya aiki.

TAMBAYA: Mun sauya ƙyalle, layi ya daina, amma har yanzu kaya na daɗewa, kuma wutar ja ce mai hayaƙi. (Wani magidanci, Njamena)

AMSA: Alhaji, dakatar da injin yau. Abu biyu za a duba. Na farko bututun fitar da iska: ya zama na ƙarfe, faɗin santimita 10, gajere, ba lanƙwasa da yawa, kuma ya fita waje. Injin gas ba a barin sa ya yi numfashi cikin ɗaki, don hayaƙinsa na iya ɗauke da iskar guba marar wari da ke kisa. Cire bututun a share shi, a wanke matatar da sabulu idan ruwa ba ya ratsa ta.

Na biyu ya fi yawa a injinan da aka shigo da su. Yawancin na Amurka an saita su ne don gas ɗin bututun gari, mu kuwa na tukunya muke da shi, wanda ya fi shi ƙarfin zafi nesa ba kusa ba. In ba a sauya ɗan bakin da gas ke fita da mai ƙaramin rami ba, aka kuma gyara saitin bawul, wuta za ta yi tsawo, ta yi ja, ta yi baƙin hayaƙi, ta gasa ƙyallen baya har ya ƙone kafin lokacinsa. Akwai kayan sauyin da ake sayarwa musamman don kowane inji, kuma wannan aikin na ƙwararren mai gas ne, ba na gida ba. Lafiyayyar wuta shuɗiya ce, tsayayya. A tambayi mai gyaran kuma ya duba taransifoma: injinan nan wuta 120 suke ci, tamu 220 ce, kuma ƙaramar taransifoma kan sa ɗan sandan kunnawa ya kasa yin ja sosai, gas ya ƙi kamawa a kan lokaci.