Amsa ga mai neman inda zai riƙa ajiye dogayen umarninsa

Ƙanena, da na karanta tambayarka cewa dogayen umarnin da kake bugawa a taminal, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, suna ɓace maka, har ka koma tura wa kanka su ta WhatsApp, sai na ji kamar ni na rubuta ta, domin wannan matsalar ce ta kusa raba ni da aikina a Tahoua.

Mu biyu ne muke kula da rumbun bayanan wurin aikinmu, ni da wani da ya riga ni zuwa, kuma duk umarnin da ake aiki da su yana ƙunshe da su a kwamfutarsa, in na tambaya sai ya ce in jira ya zo. Ranar da ya samu aiki a Yamai, takarda ɗaya ta Word ya bar mini, wadda ta riga ta haɗe gajerun zane biyu (--) na gaban zaɓin umarni ta mai da su dogo ɗaya, ta kuma lanƙwasa alamomin zance, ta yadda duk abin da na kwafa ba ya tafiya. Dole na koma bugawa da ka. Wata Alhamis cikin zafin Afrilu, bayan wuta ta dawo an tarar rumbun ya lalace, na zauna in maido da shi daga ajiyar da muka yi, sai maimakon alamar < mai karantowa daga fayil na buga > mai rubutawa a kansa a gaban fayil ɗin ajiyar, ajiya.sql. Bash, manhajar da ke karɓar umarni a taminal, yana kwashe abin da ke cikin fayil ɗin tun kafin mysql, manhajar rumbun, ya fara aiki. Da na duba girmansa na ga sifili, zufa ta jiƙe mini riga, ga maigidan aiki tsaye a bayana yana tambaya ko an gama. Na yi ta kiran mutumin nan bai ɗauka ba sai bayan la'asar, amsar da ya ba ni kuwa ita ce ai ya bar mini komai a rubuce. Kwana uku na yi ina sake shigar da lissafi daga rasit. Muna gaisawa in mun haɗu wurin ɗaurin aure, amma ban manta ba.

Abin da nake amfani da shi yanzu sunansa pet, manhajar ajiye umarni ce, an rubuta shi da harshen Go. Da pet new kake ajiye umarni tare da bayaninsa, da pet exec kuma ka nemo shi ya gudana, sai dai ka fara saka wata ƙaramar manhaja mai suna fzf domin da shi yake bincike. Ni da Hausa nake rubuta bayanin, kamar "maido da rumbu", tunda kalmar da za ta zo mini ke nan lokacin da hankalina ya tashi. Komai yana zaune cikin fayil ɗaya mai suna snippet.toml, don haka ba ka buƙatar intanet.

Kada ka dogara da Ctrl+R mai nemo umarnin da ka taɓa bugawa kaɗai, domin a saitinsa na asali bash ba ya rubuta tarihin umarni sai an rufe taminal, in wuta ta ɗauke na wannan zaman ya tafi. Ka kuma saka set -o noclobber cikin .bashrc, fayil ɗin saitin bash, tun yau, wanda da na san da shi da bai bari > ta cinye mini ajiya ba. Ajiyar ma ka yi ta biyu, ɗaya a wata na'urar daban.

pet sync yana iya tura fayil ɗin snippet.toml zuwa Gist, wurin ajiye rubutu na shafin GitHub a intanet, amma don Allah kada ka bar kalmar sirri a ciki, domin ko wanda ake kira na sirri duk mai adireshinsa yana iya buɗe shi. Idan fzf ya ƙi shiga, faɗa mini irin Linux ɗin da ke kwamfutarka.