Hukuncin Shiga Tseren Keke Na Duwatsun Alps Da Ajiye Lissafi A Strava

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah Ya gafarta Malam. Ni mutumin Maraɗi ne, shekarata 47, ina aiki a birnin Liyon na Faransa. Likita ne ya fara sa ni hawan keke saboda ƙiba da hawan jini, abin ya shiga raina, har bana na yi rajistar La Marmotte, tseren 'yan sha'awa da ake yi a duwatsun Alps. Bayan na biya, wani ɗan'uwa a masallacinmu ya ce kuɗin rajistar caca ne, kuma tsere bai halatta ba sai na doki da raƙumi da kibiya. Ina ajiye lissafin tafiyata a manhajar Strava. Mu shida a wurin aiki mun zuba Yuro 50 kowa, wanda manhajar ta nuna ya fi saurin hawa dutsen Alpe d'Huez, hawan ƙarshe na hanyar, ran tseren ya ɗauka, don ƙarfafa gwiwa kawai. Maiɗakina ba ta son in je, don sau biyu ƙirjina ya ɗaure a kan hawa, agogona ya nuna bugun zuciya ya haura 190, amma da na huta ya wuce. Mene ne hukuncin kuɗin rajistar, kuma yaya zan yi da salla a ranar?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, abin da ya hana ka barci halal ne. Abubuwa biyun da ka ambata a kan hanya kamar ba komai ba, su ne suka tsayar da ni.

Hawan keke don lafiya, da yin tsere ba tare da an sa dukiya ba, babu mai hana su a cikin malamai. Sai batun kuɗin rajista, kuma zan ɗan tsawaita a kansa, domin maganar ɗan'uwan naka tana yawo sosai, tana kuma da kamannin ilimi.

Hadisin da yake nufi shi ne na Abu Huraira da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito: "La sabaƙa illa fi naslin au khuffin au hafir," wato babu sabaƙ sai a harbin kibiya ko tseren raƙumi ko na doki. Kalmar sabaƙ, da wasalin fataha a kan ba'un, sunan dukiyar da ake sa wa wanda ya yi nasara ne, ba sunan tseren ba. Hadisin yana iyakance inda ake sa lada, bai hana mutane gudu ba. In da ya hana, da Salamatu ɗan Akwa'u bai yi tseren ƙafa da mutumin Ansar ba a hanyar komawa Madina, Annabi (SAW) yana gani, kamar yadda ya zo a Muslim. Shehu Khalil ma, bayan ya gama bayanin tseren doki da raƙumi da harbi a Mukhtasar, ya ce ya halatta a waninsu idan ba a sa lada ba.

To kuɗin da ka biya lada ne? Caca ita ce mutum ya zuba dukiya yana tsakanin biyu: ko ya kwashe ta wasu, ko wasu su kwashe tasa, kuma sakamakon wasan ne zai raba. Kai ko ka zo na ɗaya ko na ƙarshe, ko tayarka ta fashe a hawan dutsen Glandon ka hau motar kwasar waɗanda suka gaza, kuɗinka ba zai dawo ba, ba zai kuma ƙaru ba. Ka san abin da ka saya tun ranar biya: masu tsaron mahaɗar hanyoyi, rumfunan ruwa da abinci, motar asibiti, na'urar ƙidayar lokaci. Hanya ce ta kusan kilomita 175, da hawan da jimillarsa ta kai mita 5,000, mutum dubbai a kanta yini guda. Wannan hidima ba ta tsayuwa da fatan alheri. Ijara ce, kamar kuɗin mota.

Hujja mafi ƙarfi ga masu hanawa ita ce matsayar Majalisar Fiƙihu ta Duniya a zamanta na Doha a 2003, cewa katin shiga gasa wanda kuɗinsa, duka ko wani sashe, ke shiga cikin kyautar, nau'in caca ne. Matsayar daidai ce, ina kuma tare da ita. Amma ana maganar katin da ba ya ba mai saye komai sai damar cin kyauta, irin saƙon wayar da ake cire maka kuɗi don a sa ka a ƙuri'ar mota. Cire kyautar daga wannan, babu wanda zai biya ko sisi. Cire kofin na ɗaya daga La Marmotte, dubban nan za su biya su zo, don dutsen suka zo ba don kofin ba. Lambar da ake ba wanda ya kammala, da takardar shaidar lokacinsa, ba sabaƙ ba ne, tunda ba a ƙwace su daga hannun kowa ba. In kuma har yanzu zuciyarka na ɗar-ɗar da kyautar 'yan gaba, ka yi niyyar barinta in ta zo. Ban yi zaton mai shekara 47 da ya fara keke da umarnin likita zai gamu da wannan jarrabawa ba.

Ka gaya wa ɗan'uwan naka wannan da ladabi. Tsoron haram ne ya sa shi magana.

Yuro 50 ɗin nan kuwa ita ce cacar. Mutum shida sun zuba, ɗaya ya kwashe 300, biyar sun tafi hannu rabbana, agogo ne ya raba gardama. Ba adashi ba ne, domin a adashi kowa na karɓar abin da ya zuba. Cewa don ƙarfafa gwiwa ne bai canza komai ba, haka ƙanƙantar kuɗin. A mashhurin mazhabar Maliku, ko a tseren doki ba a yarda ɓangarorin duka su zuba ba, balle keke. Ka janye kuɗinka yanzu. Idan abokan sun yarda a mai da shi kuɗin abincin dare da kowa zai ci, ko a ba mabukaci ko da wa ya yi nasara, shi ke nan.

Yanzu maganar da ta fi duka. Mutum mai hawan jini, ƙirjinsa ya ɗaure sau biyu yana kan hawa, ya kawo min wannan a matsayin ƙorafin matarsa. Maiɗakinka ta fi ka gaskiya. Ni ba likita ba ne, agogonka ma ba likita ba ne: adadin bugu yake ƙirgawa, bai san abin da ke faruwa a jijiyoyin zuciya ba. Ba lambar 190 ce ta dame ni ba, ɗaurewar ƙirjin ce. Ranar tseren za ka hau dutsen Galibier mai tsayin mita 2,642 inda iska ta yi ƙaranci, sannan bayan ka gaji liƙis ka fuskanci lanƙwasa 21 na Alpe d'Huez da zafin rana. Tom Simpson gwanin tseren keke ne na duniya, shekararsa 29, ya faɗi ya mutu a kan dutsen Mont Ventoux na Faransa a 1967, zafi da ƙwayoyin ƙara kuzari suka haɗu masa, kuma bai yarda ya tsaya ba.

Saboda haka hukuncinka ya rataya a nan. Bai halatta ka shiga ba sai likitan zuciya ya gwada ka gwajin da ake yi ana motsa jiki, bayan ka faɗa masa abin da ka faɗa min ba ragi. In ya sake ka, ka tafi. In ya hana, zuwan ya haramta a kanka, kuɗin rajista kuma ya bi ruwa, ba komai. Duk takardar lafiya da aka nema, kada ka ɓoye wannan a cikinta, kada kuma ka nemi wanda zai sa hannu bai duba ka ba. Shaidar zur ce.

Salla da sauƙi. A tsakiyar bazara a can azahar ba ta shiga sai wajen biyu saura, lokacinta kuma yana kaiwa bayan biyar da rabi. Da sassafe ake tashi, don haka mai yiwuwa ka iso da sauran lokaci. In ka ga ba za ka iso ba, ka sauka a rumfar ruwa ka yi alwala ka yi salla, minti goma ne. Ba na son ka dogara da rangwamen matafiyi, domin malamanmu sun karhanta ƙasaru ga wanda tafiyarsa ta wasa ce, duk da cewa taka tana da fuskar neman lafiya. Wandon keke matsattse ne, mai siffanta al'aura makaruhi ne, kuma yawanci bai rufe gwiwa ba. Ka nemi mai sauka ƙasa da gwiwa, ka ɗora sakakke a kai, ka cusa wando mara nauyi a aljihun bayan riga don salla.

Ita Strava kayan aiki ce, halal. Nuna kilomitocinka ba riya ba ce a ma'anar shari'a, don riya a ibada take, amma jiji da kai yana shiga ta nan. Ka lura da kanka: idan ka dawo ka fi ɗokin ganin wa ya yaba maka fiye da gaida iyalinka, ka rufe shafin sai ga 'yan kaɗan. Kada ka bi sarautar gudu a gangara don sunanka ya hau saman jeri, nan ake mutuwa, ana kuma kashe masu tafiya a ƙasa. Kada ka ɗora tafiyar da keke mai batir ya yi da sunan ƙafarka.

Ka kuma ɓoye farkon hanyarka da ƙarshenta, manhajar tana da wurin yin haka. Taswirarta ce ta tona wuraren sansanonin sojan Amurka a 2018, a 2024 kuma jaridar Le Monde ta bi sawun masu gadin shugaban Faransa ta cikinta. Taswirar da ke farawa daga ƙofar gidanka kowace Lahadi tana sanar da kowa inda keke mai tsada yake kwana, da awannin da maiɗakinka take ita kaɗai.

Ka je wurin likitan tare da ita, ta ji da kunnenta. Ka rubuto min abin da ya ce.

Wallahu a'alam.