Jirgina ya kafe a yashi, farfela zan canza ko inji?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina jigilar banda da fasinja a kwale-kwale tsakanin Blangoua da Kusiri, da injin Yamaha mai doki 40. Tun da ruwan Shari ya fara janyewa, sau uku ina hawa tudun yashi. Yanzu farfela ta lanƙwashe, injin kuma yana ɗaukar zafi. Wani ya ce in sayi farfelar ƙarfe mai ƙyalli, wani ya ce in sayar da injin in koma mai doki 15. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka bi ko ɗaya tukuna. Masu jirgi a Duwala in sun kafe zama suke yi, don ruwan teku sau biyu yake cika a yini, zai dawo ya ɗaga su. Kai kuwa Shari in ya sauka da rani sai damina ta yi nisa, don haka kai da yashi kun ƙulla zama na watanni.

Farfelar da ta ɗauke maka hankali ita ce ƙaramar matsala. Zafin nan shi ne abin tsoro. A cikin ƙafar injin akwai wata roba mai fukafukai da ke zuƙo ruwa ta ramukan da ke saman farfela, ta tura shi sama ya sanyaya inji. Duk sa'ad da ka kafe ka ƙara wuta, yashi take sha, shi kuwa ya ci fukafukan kamar an goga musu magagari. Gobe in ka tayar da inji, leƙa baya ka dubi ɗan tsirin ruwan da direbobi ke ce wa fitsari. In yana fita da ƙarfi, madalla. In ɗiga yake yi ko ya ɗauke, kashe nan take, kafin fistin ya kama. Kai wa bakanike ya sauke ƙafar, ya canza robar, ya wanke hanyoyin ruwa. Sayi robar guda biyu, ɗaya ta zauna a akwatin sifana. Bakaniken kuma ya kwance noti ya duba man giya: in ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga, galibi zaren raga ne ya naɗe ya yanka robar da ke tare shi.

Farfelar ƙarfe mai ƙyalli ban ba ka shawara ba. Ba ta saurin lanƙwasa, gaskiya ne, amma dukan da ta ƙi ɗauka sandar farfela da haƙoran giya za su sha, su kuwa kuɗinsu ba na wasa ba ne. Tsaya a ta alminiyom.

Mai doki 15 kuma, da buhunan banda kana haurowa ruwa, rana za ta faɗi kana hanya. Tsawon ƙafa ya kamata ka duba: akwai gajeruwa, kusan santimita 38, da doguwa, kusan 51. Faffaɗan farantin da ke saman farfela ya zo daidai da gindin jirgi. In ya zarce ƙasa sosai, kafinta ya ƙara wa katakon baya tsayi.

In ka sake jin jirgi ya dafe, kada ka sa ribas kana gurnani, yashi kake tayar wa bakin famfo. Kashe, ɗaga ƙafar, yaranka su sa gora.