Na cire kan mota, da safe na tarar tirela ta matsa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni sabon direba ne, wata biyar kenan da aka ba ni tirela. Kwanan nan na yi fakin da lodi a wani fili mai ɗan gangare kaɗan, na ja birki, na sauke ƙafafun bodi na cire kai na tafi gyara. Da safe na dawo na tarar bodin ya gangara kusan taku uku, Allah ya tsare ba kowa a baya. Wallahi na ja birki. To ina kuskurena yake?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Na yarda ka ja birki, abin tambaya shi ne wane birki ka ja, saboda babbar mota birkinta iri biyu ne kuma nan sabbin direbobi suke ruɗewa. Akwai wanda iska ke matsewa, shi ne na ƙafa da ɗan hannun nan na tirela da ke gefen sitiyari a wasu motoci. Wannan muddin iska ta zurare ya saki kenan, kuma iska dai ko yaya sai ta zurare cikin dare, ta tiyo ko ta bawul, ba ka ma jin ƙararta. Na biyun shi ne birkin fakin na sifirin, shi aikinsa akasin haka ne, iska ce ke danne sifirin ɗin lokacin tafiya, in ka saki iskar sai ya kama tayoyi gam. Shi ake fakin da shi. Matsalar ita ce wasu tsofaffin bodi ba su da sifirin ɗin kwata-kwata, ka cire kai iskar tanki ce kawai ta riƙe su, ta ƙare shi kenan sai gangara. Ina kyautata zaton irin naka kenan, ko kuma birkin ya buɗe yana neman a ɗaure, kai wa makanike ya duba.

Amma gaskiya babban laifinka rashin waigi ne, wato abin da ake tokare taya da shi kar ta gangara. Ban ga ka ambace shi ba ko sau ɗaya. Waigi a gaba da bayan taya kafin ka cire kai, ba bayan ka cire ba, kuma na kirki, ba ɗan dutsen da lodi zai murƙushe ba. Ƙafafun bodi kuma don ɗaukar nauyi aka yi su, ba sa hana tafiya, in ƙasa mai laushi ce ka sa musu katako mai kauri kar su nutse bodi ya kife ta gaba.

Wani abu da ba ka tambaya ba amma zan faɗa. In ka sauko doguwar gangara birki ya yi zafi sosai, kar ka ɗaure birkin fakin nan take, zai iya lalata dirom, wato gangar ƙarfen da birki ke kamawa a cikin taya, ka sa waigi ka bari ya huce. In kuma lalura ta tsayar da kai bakin titi, ka fita daga kwalta iya yadda za ka iya, ka kunna sigina biyu, ka ajiye alamar nan mai kusurwa uku kamar mita 30 gaba da baya, a kwana ko bayan tudu ka ƙara nisa sosai. Bodin tirela ya fi gaban ƙaramar mota tsayi, mai zuwa da gudu cikin duhu ƙarƙashi yake shigewa, shi ya sa nake fushi in na ga fitilun baya da tef mai ƙyalli sun rufe da laka, tsumma ɗaya ya isa ya goge su.