Folish, silant ko kaki ga farar mota?

Ɗan'uwa, kana tambaya wanne ya fi dacewa da farar motarka tsakanin folish, silant da kaki. Silant za ka saya, wato sinadarin da ake haɗawa a masana'anta, ana shafa shi a kan fenti don ya kare shi. Folish ba kariya ba ne, saman fenti yake ɗan kankarewa don ya share ƙarzuwa da dusashewa, saboda haka mai laushi sau ɗaya a shekara ya isa. Kakin karnauba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya ta Birazil, yana ƙara wa baƙar mota zurfin launi, amma a kan fari ko ruwan azurfa da ƙyar ido ke ganin bambancin, kuma cikin wata 1 zuwa 2 ya tafi. Silant kuwa yakan kai wata 4 zuwa 6.

Sharaɗin shi ne kada ka shafa shi a kan datti. Farar mota tana ɓoye ƙarzuwa, amma tana tona ƙurar ƙarfen birki, waɗannan ɗige-ɗige masu launin tsatsa a ƙasan ƙofofi da bayan mota. Na taɓa yin gaggawa na rufe su da silant, na yi watanni ina kallonsu, abin ya dame ni ƙwarai. Bayan wanki ka fesa maganin cire ƙarfe, za ka ga ya koma shunayya inda ya ci. Ka ɗauraye, ka bi da yumɓun goge fenti, wato yumɓu na musamman mai cire dattin da ya maƙale a fenti, har hannunka ya ji santsi. Sannan ka shafa silant kaɗan-kaɗan, a inuwa, jikin motar da sanyi, ka bar shi kamar awa 12 kafin ruwa ya taɓa shi.